Injin Tsaga Katako da Ya Daɗe a Yashe: Ta Ina Ake Kama Gyaransa?

Abin da kusan kowa ke fara yi idan tsohon injin tsaga katako ya faɗo hannunsa, ta gado ne ko ta saye, shi ne neman batir da galan ɗin mai. So yake ya ji ƙara. Inji ya yi tari biyu ya kama, hayaƙi ya turnuƙe, faifan zarto ya soma juyi, sai ka ga fuska ta washe ana cewa ai da ransa. A wurina babu sa'ar da ta kai wannan haɗari a duk aikin, babu kuma wadda ta kai ta ƙarancin amfani. Faifai mai faɗin inci 48 da ke juyi 550 a minti, bakinsa na gudun fiye da kilomita 120 a awa. Idan tsatsa ta sassauta haƙori ɗaya cikin shekarun da ya yi a kwance, ba zai yi sallama ba kafin ya fita. Ƙarar kuwa abu ɗaya ta shaida, cewa injin yana tashi. Ko zai fitar da katako miƙaƙƙe mai kauri ɗaya daga kai zuwa gindi, amsar wannan tana can ƙasa inda ciyawa ta rufe.

Sai an san yadda abin yake a haɗe kafin a gane dalili. Iri biyu ne suka fi yawa: mai faifai, wanda zartonsa babban faifan ƙarfe ne mai haƙora a baki, da mai ɗamara, wanda zartonsa siririn ƙarfe ne da aka haɗe bakinsa biyu yana zagaya wili biyu. Tsohon da ake tararwa a yashe galibi mai faifai ne, domin shi ya ci zamaninsa tun ƙarni na 19, kuma ƙarfensa na zubi ba ya saurin mutuwa. Injinan da kamfanin Frick na Amurka ya ƙera shekaru aru-aru, wasunsu har yau suna yanka. A kan irin wannan zan fi tsayawa.

Gungume yana kwance a kan tarago. Tarago yana tafiya a kan dogo biyu. Dogon yana zaune a kan manyan katakai ko ƙarafa na kwance, su kuma a kan ginshiƙai, ginshiƙai a kan ƙasa. A ɗaya gefen, zarto yana ɗaure a bakin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya shi, shaf yana juyi cikin boris, wato mazaunin da ke riƙe shi ya juya sumul, boris yana ɗaure a jikin wani kakkauran firam mai nasa ginshiƙan. Tsatso biyu ke nan da suka taso daga ƙasa kowanne da hanyarsa, ba su haɗu ba sai a wuri ɗaya tak, inda haƙori ke taɓa itace. Duk inda aka samu kuskuren milimita ɗaya a cikinsu, a nan zai fito. Shi ya sa zarto ya fi kowa shan zargi. Katako ya fito a karkace, a ce zarto ne. Ya fito da tudu da kwari, a ce zarto ne. A kai shi gyara, a dawo da shi, matsala tana nan daram. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranar farko ba ta gyara ba ce

A katse duk abin da zai iya motsa injin. A cire batir, a kashe lantarki daga tushe a sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mai aikin. Daga nan sai shara. Wurin da mutane suka bari, wasu ne suka tare: maciji cikin tarin garin katako, rina a ƙarƙashin rufi, zanzaro ya toshe duk wani ƙaramin rami da laka, har da ramukan zuba mai, ɓeraye sun ci rigar waya sun yi gida a akwatin lantarki. A ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance noti ɗaya, a sa alama da fenti ko alli a kan abubuwan da suka yi kama da juna. Murafan boris biyu na iya zama kamar tagwaye a ido, alhali kowanne ya saba da mazauninsa, in aka sauya musu wuri sai su yi ta zafi ba a san dalili ba.

A sauke zarton tun a ranar, mutum biyu da safar hannu mai kauri, a rataye shi ta ramin tsakiyarsa. Ba za a koma kansa ba sai can gaba.

Yanzu a durƙusa. Katakan da dogo ke zaune a kansu su ne asirin injin. Funfunar da ke ruɓar da itace ba ta samun gindin zama sai danshin itacen ya haura kashi 20 cikin 100, don haka ba ko'ina take kamawa ba. Tana fara aikinta ne a mahaɗa, da kewayen ramin noti, da inda katako ya taɓa ƙasa ko kankare, da duk inda garin katako ya daskare ya riƙe ruwa kamar soso. Gara kuma ta fi ta wayo, ta cinye ciki ta bar maka fata lafiya lau. Ido ba ya isa a nan. A ɗauki sukudireba mai tsini a soka, a ɓanɓaro ɗan sili. Lafiyayyen itace yana tasowa da dogon sili yana turjiya. Ruɓaɓɓe yana karyewa gajere kamar busasshen biredi. A buga guduma a saurara, mai rami a ciki ba ya ɓoye muryarsa. Na sha ganin an wanke irin waɗannan katakai an shafe su da sabon fenti, wai an gyara. Kitso ne da ƙwarƙwata. Katakon da noti ya daina kamawa a jikinsa, sauya shi ake yi, kuma a gyara abin da ya kashe shi: rufin da ke yoyo, ko ƙasar da ke tara ruwa a gindin ginshiƙi.

Ƙasa ma ba ta zama wuri ɗaya. Damina da rani, ko ƙanƙara da narkewarta a ƙasashen sanyi, suna ɗaga wani ginshiƙi su nutsar da wani. Dogon da aka shimfiɗa daidai shekara ashirin da suka wuce, da wuya a same shi yadda aka bar shi. A yawancin injinan dogo ɗaya shimfiɗaɗɗe ne, ɗayan kuma mai tsini kamar harafin V a kife, shi ne ke yi wa tarago jagora. Shi za a fara miƙarwa. A ja siririyar wayar ƙarfe ta yi tsam daga wannan kai zuwa wancan, a bi tsawon dogon ana auna tazararsa da wayar taku bayan taku. Wannan na nuna kaucewa ta hagu ko dama. Tudu da kwari kuwa ba a dogara da waya a kansu, domin komai jan da aka yi mata tana ɗan lotsawa a tsakiya. Lebur ake sawa, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya kwanta daidai, ko tiyo mai ruwa irin na magina. Sai kuma lebur a gicciye tsakanin dogo biyun, musamman a daidai gaban zarto inda yanka ke faruwa. Ana cike giɓi da siraran ƙarafa, a ɗaure, a sake aunawa, domin ɗaurin kansa yana jan dogo. Aiki ne mai gundura, yana iya cin kwanaki, babu abin nuna wa maƙwabta a cikinsa. Amma duk abin da za a yi daga baya a kansa zai hau.

Shaf, boris da faya-fayen matsi

Nan ne ake yanke hukuncin ko injin ya cancanci wahala. A cire bel, a juya shaf da hannu a hankali. Kamata ya yi ya tafi sumul, ba gargada, ba wurin da yake ɗan cijewa. A kafa ma'aunin nan mai allura kamar agogo a jikinsa a juya, allurar za ta faɗi ko ya lanƙwashe. A sa ƙarfe a ɗan ɗaga shi a ga yawan wasan da yake yi cikin boris, a tura shi gaba da baya a ga ko yana zamewa ta tsawonsa. Shaf ɗin da ke zamewa, zarto ma zai riƙa zamewa tare da shi.

Tsofaffin injina da yawa ba su da boris mai ƙwallaye. Shaf yana kwance ne a kan wani ƙarfe mai laushi da aka narka aka zuba, wanda ake kira da sunan Isaac Babbitt, Ba'amurken da ya fito da shi a 1839. Asalinsa haɗin kuza ne da jan ƙarfe da antimoni. Kada a raina shi don tsufa. Idan bai tsage ba, bai kuma cinye ba, wanke shi da buɗe hanyoyin mai da rage siraran ƙarafan da ke tsakanin murfi da gindi kan isa ya koma aiki. Idan ya cinye, ana narka sabo a zuba a kankare shi ya dace da shaf. Boris mai ƙwallaye shi ne zama ya fi yi wa illa: giris ya bushe ya zama kamar sabulu, danshi ya shiga, tsatsa ta ci ƙananan ramuka a daidai inda kowane ƙwallo ya tsaya. Wanda ya yi gurnani a hannu, ba a lallashinsa. Dalilin tsanantawa a nan shi ne zafi. Boris na kusa da zarto in ya ɗumama, zafin yana bin shaf ya shiga tsakiyar faifai, faifai kuwa da zarar tsakiyarsa ta fi bakinsa zafi ya daina tsayuwa miƙe.

Sai ƙananan faya-fayen ƙarfe biyu da ke matse zarton a tsakiya, ɗaya kafe a jikin shaf, ɗaya mai cirewa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. An feƙe su ne yadda bakinsu na waje kawai zai kama zarto. A ce faifan matsi faɗinsa inci 6 ne, zarto kuma 48. Duk karkatar da ke bakin faifan matsi za ta ninku sau takwas kafin ta kai haƙori. Ɓawon tsatsa mai kaurin kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, wanda yatsa da ƙyar zai ji, ya zama rawar kusan rabin milimita a bakin zarto. A goge su da hannu, da takardar yashi mai laushi, kada a kusanto da injin gurza. In bakin ya cinye ko ya dauje, sai wurin mai injin feƙe ƙarfe, kuma na kafe ya fi kyau a feƙe shi yana jikin shaf ɗinsa. A duba 'yan ƙusoshin nan biyu da ke shiga jikin zarto su hana shi sulɓewa. In sun lanƙwashe ko an ga alamar sun taɓa guntulewa, zarton ya taɓa cin karo da wani abu mai tsanani, kuma wataƙila abin da ya kwantar da injin ke nan tun farko.

Idan firam ɗin zubi ya tsage a mazaunin boris, shaf ya lanƙwashe, zarto kuma ya tashi daga aiki, to gaskiya abin da ke hannunka tarin kayan gyara ne. Gara a faɗa wa kai haka tun ba a zuba dukiya a rariya ba. Akwai ma lissafin da ya kamata a yi ko da komai lafiya. Zarton faifai mai haƙoran sawa, wato waɗanda ake cirewa a sa sababbi, yana cin hanya mai faɗin milimita 6 zuwa 8 a kowane yanka, mai ɗamara irin ƙananan da suka yaɗu bayan kamfanin Wood-Mizer ya fara ƙera su a 1982 yana cin 2 zuwa 3. Mai yanka siraran alluna daga itace mai daraja, wannan bambanci allo guda ne ko fiye a gungume ɗaya. Mai faifai kuma ya fi sauri, ya fi jure ƙazantar ɓawo, ya fi dacewa da manyan katakan gini.

Zarton kansa

Wanda bai sani ba yana ɗauka faifan zarto shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne kawai da aka yi wa haƙora. Da haka ne, da ba zai yi yanka ba. Idan faifai yana juyi, gudu yana jan bakinsa waje, gogayya da itace kuma tana ɗumama bakin ya ƙara miƙewa, tsakiya tana nan yadda take. Bakin da ya fi jikinsa tsawo sai ya riƙa lilo kamar maciji. Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne su buga jikin faifan da guduma a kan maƙera, bugu mai lissafi, su ɗan shimfiɗa ƙarfen ciki tun kafin a ɗora shi. A tsaye sai ka gan shi kamar ya ɗan saki jiki. Da ya kai gudun da aka buga shi dominsa sai ya miƙe ƙyam. Masu wannan aiki a ƙasashen Turanci likitocin zarto ake ce musu, kuma sunan bai yi yawa ba.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, kowane zarto yana da gudunsa. Wanda aka buga don juyi 540, gudun shaf ɗin bayan tarakta da ke jan ƙananan injina da yawa, ba zai tsaya daidai a 700 ba. Na biyu, duk abin da ya taɓa daidaiton ƙarfen ya ɓata bugun: jingina shi da bango shekara da shekaru, wuta, walda, ko gurza tsatsa da inji har ƙarfen ya yi zafi. Da kananzir da burushin ƙarfe na hannu ake wanke shi. Bayan wanki a nemi tsaga, musamman a gindin mazaunin haƙora da kewayen ramin tsakiya. Akwai tsohuwar dabara mai sauƙi: a shafa kananzir a bar shi ya ratsa, a goge tas, a barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, man da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana baƙin layi. Zarton da ya tsage ba ya komawa kan shaf da shawarar mai shi kaɗai. Shuɗin tabo a jikinsa kuma shaidar ƙonewa ce, a wurin akwai ƙullutu ko da ido bai gani ba. Zarton da ya yi shekaru a yashe, ni dai ban ga dalilin ƙin kai shi bugu ba. A tafi da bayanin da likitan zai tambaya: juyi nawa a minti, ƙarfin inji, irin itacen da za a yanka, da ko injin na dama ne ko na hagu. Ka tsaya a gaban zarto haƙora suna gangarowa wajenka. In gungume ta damanka yake wucewa, na dama ne.

Haƙoran sawa kowanne yana zaune ne cikin mazauninsa, wani ƙarfe mai siffar jinjirin wata yana danne shi. A jiƙa su da mai kwana biyu kafin a murɗa, a wanke mazaunin sarai. Samfurinsu yana da lamba ko harafi, irin su B da F da 3, kuma sanin wannan tun da wuri yana nuna ko za a samu sababbi. Kada a haɗa tsofaffi da sababbi a zarto ɗaya, dogayen za su ɗauki aikin duka. Jinjirin watan da gefensa ya cinye ya zama mulmulalle yana barin gari ya zube tsakanin faifai da itace maimakon ya kwashe shi waje, daga nan sai zafi. Wajen wasawa kuma magagari ya tafi a miƙe. In kusurwa ɗaya ta fi ɗaya tsawo a haƙora da dama, zarto zai riƙa ja zuwa wannan gefen, kana ta neman laifi a dogo.

Da zarto ya dawo kan shaf sai a saita 'yar karkatar da ake yi masa da gangan. Ba a tsayar da shi daidai wa daida da dogo. Gabansa yana ɗan leƙawa wajen gungume, bayansa ya ɗan janye, don kada jikin faifai ya goga inda aka riga aka yanka. Abin kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin 32 na inci, ƙasa da milimita ɗaya, a duk faɗin faifan. A yi wa haƙori ɗaya alama, a auna tazararsa da wani wuri a jikin tarago yana gaba, a juya wannan haƙorin dai zuwa baya, a turo tarago, a sake aunawa daga wurin nan dai. Ana gyara karkatar ne ta matsar da mazaunin shaf. 'Yan sandunan jagora biyu da ke gefen bakin zarto ba sitiyari ba ne, tsaro ne kawai, a bar ɗan haske tsakaninsu da faifai. Wanda ya danna zarto da su don ya miƙar da yanka, ƙona shi zai yi.

Tarago ba shi da sarƙaƙiya, wasa ne abokin gabarsa. A girgiza shi ta gefe a ga ko ƙafafunsa na zamewa a kan gatarinsu. Madogaran da gungume ke jingina da su duk su kasance tazara ɗaya da zarto, su kuma matsa tare in an ja hannun awon kauri. Haƙoran giyarsu da 'yan harsunan da ke kama su sukan cinye ko sifirin ya mutu, ka ja inci ɗaya ta ba ka abin da ta ga dama. A wasa ƙugiyoyin riƙe gungume. Igiyar ƙarfen da ke jan tarago in silinta ya fara tsinkewa ko tsatsa ta ci cikinta, a sauya. A tabbatar akwai abin tsayar da tarago a ƙarshen dogo ta kowane kai.

Sai yanzu aka zo kan injin da ke juya zarton, wanda aka so farawa da shi. In na dizal ne, a zubar da tsohon mai, a wanke tanki daga ruwa da daɓar da ke taruwa a gindinsa, a sauya filta da baƙin mai, a duba lagireto, a juya injin da hannu ya zagaya sau biyu kafin a taɓa makunni. Abin tsoro a tsohon dizal shi ne sandar da ke rarraba mai ta maƙale a buɗe, inji ya tashi ya yi ta hawa ba birki. Tsofaffin injinan dizal na kamfanin Detroit Diesel da ke jan injinan katako da yawa sun yi suna da wannan. A tanadi faffaɗan katako a hannu wanda za a toshe bakin iska da shi, a kuma yi tashin farko ba bel. In na lantarki ne, a gwada rigar koyil da Megger, na'urar auna lafiyar rigar waya wadda ke ba da awo a megohm. Wanda bai kai megohm ɗaya ba ya sha danshi, a busar da shi da iska mai ɗumi a sake gwadawa. A duba ɓangaren da yake juyawa tun ba a haɗa shi da shaf ba, domin sauya wayoyi biyu cikin uku yana juya shi baya, notin zarto kuwa an yi shi ne ya ƙara ɗaurewa ta hanya ɗaya kawai. Lissafin wili mai sauƙi ne: inji mai juyi 1,800 da wili inci 10, in na shaf inci 30 ne, zarto zai yi 600. Abin da ake bukata shi ne ya riƙe wannan gudun cikin itace, ba a iska ba. Bel mai sulɓi ko na'urar daidaita gudu mai kasala suna sa gudu ya faɗi a tsakiyar yanka, bugun zarto ya tashi a banza.

Kafin gungume ya hau, ƙarfen rabawa da ke bayan zarto ya koma mazauninsa a layi ɗaya da faifai. Shi ke hana allo ya matse bayan zarto ko ya faɗa kan haƙora su wurgo shi. A rufe bel da shaf da kariya, a sa allon tsaro a gaban mai yanka, a tabbatar hannun tura tarago yana kullewa a tsakiya ba ya faɗawa da kansa. Ba wanda zai tsaya a layin zarto, gaba ko baya.

Allon farko wasiƙa ce

A fara da ƙaramin gungume miƙaƙƙe mai laushi, wanda aka wanke ko aka ɓare, aka kuma tabbatar ba ƙusa ko waya a cikinsa. A yanka allo uku ko huɗu, a tsayar da komai, a auna kaurinsu a kai da tsakiya da gindi, sama da ƙasa. Aibin da ke fitowa a wuri ɗaya a jikin kowane allo, dogo ne. Allon da samansa ya fi ƙasansa kauri, zarto bai tsaya a miƙe da shimfiɗar tarago ba, ko faifan ya lotsa. Zane mai zurfi da ke maimaituwa a tazara ɗaya, haƙori ɗaya ne ya fi 'yan'uwansa fitowa. Kaurin da ke sauyawa daga allo zuwa allo ba tsari, wasa ne a na'urar awo. Bayan faifai ya tsaya cak, a taɓa shi. Zafi a tsakiya, ga bayan zarto yana kartar itace lokacin da tarago ke komawa, karkatar ta yi kaɗan ko boris ne. Zafi a baki, zarto yana nutsawa cikin gungume, karkatar ta yi yawa, ko haƙora sun dakushe, ko jagora ta matse. Garin da ke fita ma yana magana. Sabon shiga yakan tura tarago a hankali don tsoro, haƙora su riƙa lasar itace maimakon cizo, gari ya fito laushi kamar hoda ya zube gefen faifai ya ɗumama shi. A gyara abu ɗaya, a sake yanka, a sake aunawa. Wanda ya taɓa uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi magani ba. A kuma sani cewa wani itacen da kansa yake lanƙwashewa in an tsaga shi, saboda jan da ke cikin jijiyoyinsa. Wannan ba laifin inji ba ne.

Mai ɗamara da ya daɗe a ajiye, tsarin bincikensa ɗaya ne, daga ƙasa zuwa sama. Abin da ya keɓanta da shi: zarton da aka bari a ɗaure shekaru ya danne robar wili ta baje a wuri ɗaya, don haka roba da zarto duka na sauyawa ne, sai a daidaita wili biyun su kalli juna, a duba 'yan wilin jagora, a buɗe bututun ruwan da ke wanke ƙaro daga jikin zarto.

Kiyaye shi bayan ya tashi ba ya bukatar hikima, naci yake so. Wasa haƙora kafin su dakushe sosai, ko da sau biyu ko uku ne a yini. Mai da giris a kan ƙa'ida, ban da cusawa, domin giris mai yawa shi ma yana sa boris zafi. Taɓa boris da bayan hannu a lokacin hutu. Bin notuna a makonnin farko, saboda sabon katako yana bushewa ya ja jiki ya saki ɗauri. Sake jan waya a dogo bayan kowane sauyin yanayi mai ƙarfi. Da littafi ɗan ƙarami da ake rubuta awo a ciki, don a san yaushe abu ya fara kaucewa.

Garin katako kuwa ba sharar ganin dama ba ce. A ƙasa yana riƙe danshi ya dawo da ruɓar da aka sha wahalar cirewa. A kan boris mai zafi makamashi ne. Mai laushin da ke kwanciya a kan katakan rufi, in ya tashi cikin iska ya haɗu da tartsatsi, fashewa yake yi. A 2012 masana'antun katako biyu a lardin Birtish Kolombiya na Kanada, ɗaya a Burns Lake cikin Janairu, ɗaya a Prince George cikin Afrilu, sun tarwatse ta wannan hanya, kowacce ta ci ran ma'aikata biyu, wasu da dama suka jikkata. Hukumar binciken cutar daji ta duniya kuma tun 1995 ta sa ƙurar itace cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar dajin hanci. A share da tsintsiya ko injin zuƙa, kada a hura da iska, a sa abin rufe hanci da na toshe kunne.

In wata rana aiki zai tsaya na watanni, rabin yini ya isa a kwantar da injin yadda mai zuwa ba zai sha irin wannan wahala ba. A sassauta bel, a sauke zarto a shafe shi da mai a rataye shi a inuwa, a shafa giris a faya-fayen matsi da dogo, a kwashe gari har ƙarƙashin firam, a toshe bakin salansa da na iska, a cire batir. A jikin faifan kuma, kusa da ramin tsakiya, a rubuta da fenti gudun da aka buga shi dominsa, da ko na dama ne ko na hagu, da ranar bugun.